Ciwon Gidan Wa?

Ku yi min afuwa da na ɓace muku kwana biyu. Na ga saƙonninku, har da wadda ta tambaya ko amarya ta fara jan aji ne tun ba a ɗaura ba. Ba jan aji ba ne, 'yar'uwa, zama ne ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da ya tashe ni. Na buɗe firij na rufe ya fi a ƙirga, kuma ba yunwa nake ji ba. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don na san akwai waɗanda yau suka fara leƙowa.

Mu biyu Mama ta haifa, Yaya da ni, Baba kuwa ya rasu tun ina sakandare. A shagon gilashin ido nake aiki, ina goge madubai ina yi wa mutane ƙaryar cewa firam ɗin da suka zaɓa ya yi musu kyau. Yaya tana da ɗa guda, Kyaftin. Ya samo sunan ne saboda shi ke raba wa yaran layi matsayi in za a buga ƙwallo, alhali shi bai taɓa bin ƙwallon da gudu ba. Tun yana ƙarami muka lura in ya faɗi ba ya tashi kai tsaye. Sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyoyinsa da hannu kamar mai hawa tsani kafin ya miƙe. Ga sharaɓarsa cike tam, kowa na cewa ɗan ƙwallo za a yi, ashe cikar ba ta ƙarfi ba ce. Yanzu ya shiga shekara ta bakwai, kuma benen gidansu ya fara fin ƙarfinsa.

An yi gwaje-gwaje har Yaya ta haddace sunayen masu shara a asibiti. Aka ce ciwon tsoka ne na gado, amma duk nau'o'in da aka sani an duba, ba ko ɗaya. Daga nan aka tura mu sashen bincike a hawa na sama, wajen wata likita siririya mai saurin magana, wadda kullum biro ke maƙale a wuyan rigarta. Ita ta yi mana bayani cewa kowane mutum yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma wuri ɗaya da ya goce a rubutun nan ya isa ya kashe wa yaro ƙafa. Ta ce rubutun ya yi tsawon da ba a bin sa kai tsaye, sai tarihin dangi ya nuna musu ɓangaren da za su fi sa wa ido. Ta zana mu a farin allo, mata da'ira, maza akwati, ta cike akwatin Kyaftin da baƙi. Sannan ta tambaya ko an taɓa yin mai irin wannan ciwo a dangi.

Mijin Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ƙanina. Shi ma haka ya fara."

Na tuna shi, sama-sama. Gidansu mijin Yaya yana jikin namu lokacin da muke yara, kuma akwai wani saurayi da ake zaunarwa a kujera a bakin ƙofa, Ɗan Lele, mai sa mu tsere yana ba wanda ya ci alewa. Ya rasu ina firamare. Likita ta zana akwatinsa kusa da na mijin Yaya, ƙarƙashin mahaifiyarsu da muke kira Gwaggo, ta cike shi da baƙi. Tun daga ranar suka duƙufa kan abin da Kyaftin ya gado daga ubansa, na uwarsa kuma suka ture gefe. An kwashe sama da shekara ana abu ɗaya, amsar kullum ita ce ba a gano komai ba tukuna.

To a tsakiyar wannan jeka-ka-dawo Allah ya haɗa ni da Mai Awo. Haka na sa masa a waya, don ranar da na fara ganinsa yana durƙushe a benen su Yaya da tef ɗin awo, zai ƙera wa Kyaftin ƙarfen dafawa. Maƙerin ƙofofi da tagogi ne, dogo, ga farar riga kullum da ɗigon fenti a hannu. Bai auna benen kawai ba, sai da ya sa yaron ya miƙa hannu ya auna inda yake kaiwa, yana ce masa ranka ya daɗe. Ni ina tsaye da tiren ruwan sanyi har ruwan ya huce. Tef ɗin nan kuwa rawaya ne, gefensa ya fashe an naɗe da baƙin salatif, kuma ko ɗaurin aure za shi yana maƙale a ƙugunsa. Na sha tsokanarsa cewa da tef ɗin ya kamata a ɗaura masa aure, ni a bar ni in huta.

Shi kaɗai ne namiji a wajen mahaifiyarsa, kuma mutum ne mai son yara har abin ya yi yawa. Ya taɓa turo min hoton tsarin gidan da yake son ginawa, ɗakin yara ya fi namu girma. Da magana ta kankama, Ummansa ta zo gidanmu da kanta, ta zauna a kujerar da ke kallon taga, ta ajiye jaka a cinya ba ta ko kurɓi lemon ba. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta ga yaron Yaya, Allah ya ba shi lafiya, amma tana so ta ji ko abin a jininmu yake. Mama ta gyara mayafi ta ce daga dangin ubansa ne, likitoci ma sun zana sun nuna. Ina bayan labule na sauke ajiyar zuciya, aka sa rana ƙarshen watan gobe.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama.

Ranar Asabar na je gwajin rigar biki, Gwaggo ta raka ni saboda ta yi sana'ar yadi shekara da shekaru, ba telan da ke iya yi mata wayo. Shagon ƙanƙane ne, fanka na kaɗa ƙyallaye, ga dogon madubi da ya tsage a kusurwa. Rigar ruwan zuma ce, an jera ƙananan duwatsu daga wuya zuwa ƙirji, hannun ya sauko har wuyan hannu ya buɗe. Tela tana durƙushe bakinta cike da allurai tana rage min ƙugu, tana mitar cewa duk zuwa sai na rame. Na yi dariya, sai na hango Gwaggo ta madubi ta kafe ni da ido, idanunta sun kawo ruwa.

Ta ce, "Allah mai iko. Wannan lotsawar kumatun ta yayar mahaifiyarki ce sak. Ita ta bar wa Ɗan Lele, shi ma in ya yi dariya haka suke lotsawa."

Na ce, "Wace ta bar wa Ɗan Lele?"

"Uwarsa mana."

"Gwaggo, ba ke ce uwarsa ba?"

Ta harare ni kamar na zage ta. Ta ce ita ce uwarsa duniya da lahira, kada in ƙara. Sai kuma ta sassauta ta ba ni labarin, tana murza bakin yadin tsakanin yatsunta. Yayar Mama ƙawarta ce, ta rasu wajen haihuwa tun kafin a haife ni. Uban jaririn ya yi nisa, Mama lokacin budurwa ce, ita kuma Gwaggo tana da ruwan nono. Aka miƙo mata shi a cikin zani, ta sa shi a ƙirji, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa kiransa ɗan riƙo a gabanta, wanda ya gwada sau ɗaya bai sake ba.

Sai ta yi ƙasa da murya don kada tela ta ji, ta ce, "Shi ya sa nake kwana ina neman gafara. Lafiyarsa ƙalau aka ba ni shi, nonona ya sha ya lalace. Ga shi abin ya biyo jikana. Ni ce dai, 'yar nan."

Allura ta soke ni a ƙugu ban ko motsa ba. Ni ba likita ba ce, amma na zauna gaban allon nan sau da yawa, na san nono ba ya ɗaukar wannan rubutu. Ɗan yayar Mama, da ɗan 'yar Mama. Akwatin nan baƙi a gefenmu ya kamata ya zauna, kuma ta mata ya biyo. Na kalli amaryar da ke cikin madubi, duwatsu na ƙyalli a ƙirjinta.

Na samu Mama a kicin tana yanka albasa, rediyo na yi ƙasa-ƙasa a kan firij. Ban ko cire takalmi ba na faɗa mata abin da na ji. Ta ci gaba da yankan har ta gama, ta share wuƙar a gefen faranti. Ta ce ba wanda ya yi ƙarya. An tambayi mutum ɗan'uwansa ya ce ƙaninsa, kuma ƙaninsa ne, tabarma ɗaya suka kwana, shi ya ɗauke shi a baya zuwa makaranta. Ta ce kowa a dangi ya san zancen, Yaya ma ta sani, kawai ba abin faɗa ba ne, ni ce dai na taso an daina tuna shi. Na tambaye ta ko ita ma ba ta gane abin da hakan ke nufi ba ranar da likita ta zana.

Ta ce, "Na gane. Na buɗe baki zan yi magana, sai na juya na gan ki kina duba wayarki kina murmushi."

Na ce, "Mama, Gwaggo tana can tana kuka da nononta."

"Ki bari a ɗaura, auta. Bayan biki ni da kaina zan je in faɗa. Wata ɗaya ne."

Ta kamo hannuna, nata yana warin albasa. Wallahi tausayinta na ji, ba haushi ba. Mace ce da ta binne yayarta, ta binne mijinta, tana kallon jikanta yana hawa cinyarsa da hannu, ni kaɗai ce abin da take gani ya tafi daidai. Na ce mata to. Na faɗi hakan ne don ta saki hannuna.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A shago na miƙa wa wani dattijo gilashin wata ɗaliba, ya saka ya ce duniya ta koma ruwa, mai shagon ta tambaye ni ko soyayya ce ta cinye min ƙwaƙwalwa. Wayata kuma ba ta huta ba. Mai Awo ya turo hoton labule biyu, shuɗi da ruwan toka, ya rubuta, "Amarya, wanne?" Na ce shuɗi. Ya turo, "Kin yi sanyi kwana biyu. Ko tela ta ɓata rigar ne in je in kwance mata ƙofa?" Na tura masa fuskar dariya, ina zaune a banɗakin shago ina share ido da gefen mayafi. Na yi ta lallashin kaina cewa wata ɗaya ba komai ba ne. Wataƙila ma ba na ɗauke da shi, tunda ba kowace 'ya ke gada ba. Wataƙila 'ya'ya mata zan haifa. Na yi wataƙila har ta ƙare min.

Sai Yaya ta kira ni ranar Laraba, muryarta a dushe. Ta ce daga sashen bincike aka kira ta. Tunda an bi ɓangaren uban ba a ga komai ba, ƙarshen wannan watan za su ajiye na Kyaftin su koma kan wasu iyalai da ke jira, sai in wani sabon abu ya taso. Ta ce yau ma ya zauna a tsakiyar bene ya ce ƙafarsa ta ƙi jin maganar kyaftin. Tana faɗa tana dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo. Wata ɗayan da Mama ta roƙa, yaron ba shi da shi.

Na ce ta shirya gobe da safe zan biyo mata. A cikin tasi na faɗa mata dalili. Ta ce ai ta san Gwaggo ba ita ta haife shi ba, to sai me? Sai na ga abin ya sauka a fuskarta a hankali, ta juya tana kallon titi. Can ta ce, "Ni na ba shi ke nan." Na ce ba wanda ya ba wani, an ba mu ne mu ma. Ta bar hannunta cikin nawa har muka isa.

Likita ta saurare mu ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta tashi ta sake zana mu a allo, ta ɗauke akwatin Ɗan Lele daga ƙarƙashin Gwaggo ta kai shi ƙarƙashin wata sabuwar da'ira kusa da ta Mama. Ta ja baya tana kallo, biro a baki. Ta ce laifinta ne da ba ta tambayi wadda ta haife shi ba, ta tsaya a kan ƙani. Ta ce ba ta yi alkawarin magani ba, amma yanzu sun san inda za su duba, kuma sanin sunan ciwo shi ne ƙofar duk wani taimako. Za su buƙaci jinin Mama, da na Yaya sabo. Sai ta kalli da'irata da ke can gefe, fara tas, ta tambaya ko ina so a duba ni. Ta ce ba dole, kuma in sun gano wurin, sakamakona ba zai fito ba sai bayan wata biyu ko uku.

Bikin saura wata ɗaya. Na naɗe hannun rigata na miƙa.

Da la'asar na samu Mai Awo a benen su Yaya, ya zo ƙara ƙarfe na biyu a ƙasa-ƙasa, don hannun Kyaftin ya daina kaiwa na farkon da ƙarfi. Yaron yana zaune a matakala yana riƙe masa kusoshi yana ba da umarni. Yaya ta kira Kyaftin ciki, ta rufe ƙofa. Mai Awo ya ga audugar da ke manne a hannuna ya tambaya ko zazzaɓi ne. Na zauna a matakalar da ke sama da shi, na faɗa masa komai, tun daga shagon tela har zuwa allo. Na ce ciwon na gidanmu ne, ta mata yake bi, yana kama maza. Na ce wataƙila ina ɗauke da shi, wataƙila ba na ɗauke, kuma ba za a sani ba kafin ranar da aka sa.

Ya ja tef ɗin ya sake shi ya koma, ya ja ya sake. Ƙarar nan har yanzu tana kunnena.

Ya ce, "In kina ɗauke da shi, duk ɗan da muka haifa?"

"Ba duka ba. Kowane namiji, ko ya samu ko ya tsira."

"Tun yaushe kika sani?"

"Asabar."

Ya kalli ƙarfen da ya gama ɗaurawa, ya shafa shi da tafin hannu. Ya ce shekaranjiya Ummansa ta sake tayar da zancen, wata ta zuga ta, shi kuma ya dafa kansa ya rantse mata cewa ba a jininmu yake ba. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce in daina, ba ni na sa shi rantsuwa ba. Na so ya yi faɗa, ko ya ce ba komai, ko ma ya tashi ya tafi. Sai ya zauna kawai yana kallon ƙofar da Kyaftin ya shiga, kuma na san ba Kyaftin yake gani ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, na hango sunan, Umma. Ya bar ta ta yi ta yi har ta kusa katsewa, sannan ya ɗaga.

"Umma, kina gida? Kada ki fita, ga ni nan. Akwai maganar da za ki ji daga bakina."

Ya tattara kayan aikinsa cikin jaka, ya sauka matakala biyu, ya tsaya. Ya dawo ya ciro tef ɗin daga ƙugunsa ya sa min a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

Ya ce, "Riƙe min. Zan zo in karɓa."

Daga can gidan Gwaggo na wuce, na durƙusa gabanta na ce mata nononta bai cuci kowa ba, likita ta tabbatar. Ta sa na maimaita. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ban taɓa jin tsohuwa ta yi ba, tana kiran sunan Ɗan Lele. Mama kuwa ta je ta ba da jininta jiya, kuma na tarar ta ajiye min abinci a rufe a bakin gado.

Shi ne nake nan nake zagaye ɗaki. Ɗazu tela ta turo saƙo cewa riga ta kammala, in zo in ɗauka. Daga wajen Mai Awo ba kira, ba saƙo, ina dai ganin alamarsa a waya yana hawa yana sauka. Tef ɗin yana cikin jakata, tsakanin hoda da makullin shago, nakan sa hannu in taɓa salatif ɗin in tabbatar yana nan. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida ba tare da shi ba, yau kwana uku ke nan yana aiki, ban san da me yake awo ba.